Kibod da maus sun mutu wajen ɗora Windows 7: wa ya taɓa haɗa filashinsa da kansa?

Mai Aikin Wuya, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da injin aikin wuyan riga a shagona, manhajar da ke tura masa zane kuwa ba ta zama lafiya sai a Windows 7. Tsohuwar kwamfutata ta ƙone ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi, sai na shiga Computer Village, kasuwar kwamfutocin Legas, na sayo 'yar tokumbo mai Core i5 zubi na shida. Na soka filashin ɗora Windows 7, wajen zaɓen yare ya fito, amma kibod da maus ko motsi. Babu ramin da ban gwada ba. Ga kaftanin mutane jibge. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Baban Hafsa, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam, kayanka lafiyarsu lau. Windows 7 ta fito a 2009, ba ta san USB 3.0 ba, su kuma Intel daga zubi na shida, wato na 2015, sun cire tsohon tsarin USB da take ganewa. Sai ka cusa mata direban da hannunka, wato 'yar manhajar da za ta sa ta gane USB 3.0. A cikin filashin, a foldar sources, akwai fayiloli biyu, boot.wim da install.wim, kowanne za ka buɗe shi da DISM, manhajar Windows ta gyara irin waɗannan fayiloli, ka zuba direban USB 3.0, ka rufe ka adana.

Ga inda na yi tuntuɓe: boot.wim kaɗai na gyara. Aiki ya tafi sumul har ya gama, kwamfuta ta sake tashi tana neman in rubuta suna, kibod ya sake mutuwa. Ƙarfe ɗayan dare, man janareta ya kusa ƙarewa. Wani tsohon kibod mai zagayen baki, PS/2, da na jefar ƙarƙashin tebur shi ya fisshe ni. Ka gyara duka biyun, kuma boot.wim kashi biyu ne a ciki, ka taɓa kowanne.

Alhaji Na-Mile 12:
Yaran nan kun tuna mini zamanin Windows XP. Wajajen 2008, da kwamfutoci masu SATA, sabon tsarin haɗa hard disk a lokacin, suka cika kasuwa, kana sa faifai sai shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, ko ta ce ba ta ga inda za ta zauna ba. Hanyar da aka tanada ita ce ka danna F6 ka ba ta direba a fulofi, alhali injinan ba su da wajen sa fulofin. Wasu kan shiga BIOS, wajen saitin kwamfuta kafin Windows ta tashi, su mai da hard disk ɗin kan tsohon tsarin IDE su huta. Ni nLite na koya, manhajar haɗa faifan XP, na haɗa ƙunshin gyare-gyare na SP3 da direbobin SATA, wato AHCI, a faifai ɗaya, har lambar lasisi da yankin lokaci. Faifai nawa na ɓata kafin in dace, Allah kaɗai Ya sani. Wanda ya yi ɗin har yau yana cikin durowata, an rubuta masa suna da maka.

Hajiya Mai Bizines Santa, Obalende:
Sannu da ƙoƙari Alhaji. Ni kuɗin data ne ya koya mini. Kwamfuta biyar, kowace sai ta kwana tana jan gyare-gyaren Windows daga intanet. Ƙanena ya zuba mini KB3125574, babban ƙunshin gyare-gyaren nan na 2016, a cikin install.wim, amma sai an fara sa wani ƙaramin gyara, KB3020369, in ba haka ba ba zai shiga ba. Daga nan fayil ɗin ya haura 4GB, filash mai tsarin ajiya na FAT32 ya ƙi karɓa, don ba ya ɗaukar fayil mai wannan girma. Da Rufus, manhajar shirya filash, muka mai da shi tsarin NTFS.

Ɗan Alaba Rago:
Don Allah malam kada gajiya ta sa ka sayi irin faifan Windows 7 da ake cewa an rage masa nauyi. Na taɓa karɓa a hannun wani yaro, ya tashi da sauri kamar walƙiya, ashe an cire sashen da ke kula da firinta. Kwana biyu ina zargin wayar firinta. Kuma ba ka san me aka ƙara a ciki ba. Ka nemi asalin faifan Windows 7 SP1, ka yi amfani da lasisinka. Sannan tun 14 ga Janairu, 2020 Microsoft ta daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro, don haka kwamfutar injin nan kada ta ga intanet, kada kuma yaran shago su riƙa soka mata kowane filash.

Mai Aikin Wuya, Agege:
Alhamdu lillahi, ta tashi! Baban Hafsa, Allah Ya saka da alheri, duka biyun na gyara kamar yadda ka ce, sai da na kunna CSM a BIOS ma, wato saitin da ke barin tsofaffin Windows su tashi, kafin ta yarda. Bayan la'asar injin ya fitar da wuyan farko, farin zare a kan shadda ruwan toka. Na kwafi filashin gida biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Hajiya, ki roƙar mini ƙanen naki, ranar Asabar zan shigo Obalende ya nuna mini yadda ake zuba ƙunshin nan.