Wata uku ina wahala, sikeli ya ƙi motsi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Ni tela ne a Kano, shekarata 44, tun safe ina kan keke har bayan isha'i. Wata uku da suka wuce ciwon kai ya matsa min, na je asibiti aka auna jinina 150/94, bayan mako guda aka sake aka samu 146/92. Likita ya ce in rage gishiri, in riƙa tattaki, in dawo a ga ko sai an ɗora ni a kan magani. Na bar lemon kwalba, da kuwa biyu nake sha kullum. Na ajiye mashin, ina takawa zuwa shago minti 20, dawowa minti 20, ban da Juma'a. Jiya na hau sikelin yaran nan masu yawo a kasuwa: da kilo 91 nake, yanzu 90. Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Da me zan gane ko wahalar nan tana da amfani?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Malam, kai da tef yake rataye a wuyanka kullum, kake neman sikelin kasuwa? Auna cikinka. Ba inda wando yake zama ba, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya, bayan ka saki numfashi, kuma ban da shanye ciki. Ana so kada ya kai rabin tsayinka: mai inci 68, cikinsa ya tsaya ƙasa da inci 34. Kitsen tumbi shi ya fi tafiya tare da hawan jini da ciwon suga, kuma yakan ragu alhali sikeli bai nuna wani abin kirki ba. Sannan na yi maka lissafi, minti 40 sau shida 240 ke nan a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 ta ce wa manya. Ka riga ka shiga layi. Sai dai tafiyar ta zama da ɗan sauri, irin wadda za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga.

Ɗan Kwari: Tela ya auna rabin unguwa bai taɓa auna kansa ba. Allah Ya ba da lafiya, maigida.

Uwar Biyu: Ƙanina, gishirin da ka ce ka rage, kai ka rage ko uwargida? Don ni haka na yi ta yaudarar kaina, na rage na gwangwani amma ina marmasa magi huɗu a miyar kuka, alhali shi kansa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Ga kanwa, ga yajin tsire, ga taliyar yara. Abin da ake so duk yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake ɓoye a burodi. Ku zauna da ita ku ƙirga nawa ke shiga tukunya, mutum nawa ke ci. Mu daddawa da citta da tafarnuwa muka ƙara, makon farko yara suka yi ta mita, yanzu ba mai tunawa.

Mai Shayi: Ka nemi shayin rage tumbi, sati biyu ka ga aiki.

Anti Nas: Don Allah a'a. Da yawansu zawo da fitsari suke sawa, ruwa ne yake fita sikeli ya sauka, kitsen yana nan. Mai hawan jini bai kamata ya sha abin da bai san haɗinsa ba, ƙoda ake ji wa.

Malamin Firamare: Ni inda na tsaya shi ne "ko tana da amfani". Akwai wasu tambayoyi biyar da ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar a 1998, ana ce musu WHO-5. Mutum zai duba makonni biyun da suka wuce: ina cikin walwala? Hankalina a kwance? Ina jin kuzari? Ina tashi daga barci a wartsake? Harkokina na yau da kullum suna ba ni sha'awa? Kowace ka ba kanka maki daga 0, wato babu ko sau ɗaya, zuwa 5, wato kodayaushe. Jimla 25, wanda ya faɗo ƙasa da 13 ya kamata ya yi wa likita maganar. A bayan littafin awonka ka ware shafi, duk farkon wata ka rubuta makin, da incin ciki, da awon jini, da awa nawa kake barci. Barcin nan ba wasa ba ne, ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2022 ta ƙara shi cikin ma'aunanta suka zama takwas, awa 7 zuwa 9 ga babba. Na san telolinmu idan sallah ta matso, a shago ake kwana.

Ɗalibar BUK: Baba, kuma kada wayarka ta tayar maka da hankali da taku 10,000. Adadin daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan, wajen 1965. Ko ba ka kai ba akwai amfani.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Anti, yanzu na auna, 39 ne, tsayina 67. Da saura. Amma na buɗe littafi na ga awon wandon da na ɗinka wa kaina da ƙaramar sallah, ya fi wanda nake sawa yau da inci biyu. Ashe shi ya sa nake ta ƙara ɗaure mazugi. Maman yara ma ta ce minsharina ya ragu, kuma gyangyaɗin da nake yi a kan keke bayan azahar ya tafi, ban lissafa su a komai ba.

Anti Nas: Ka rubuta su duka. Amma wata uku ke nan da ganin likita, ka koma cikin makon nan. Kafin a auna ka zauna minti biyar, kada ka ci goro ko ka sha kofi rabin awa kafin nan, ka roƙi a duba maka suga ba ka karya ba. In ya ce magani, ka karɓa, tattakin kuma ka ci gaba da shi.

Mai tambaya: In sha Allahu Litinin da sassafe. Batun magi kuma sai na lallaɓa, don kicin ba hurumina ba ne.