Harajin jiha da na birni a takardar W-2 bayan sauya mazauni

Mazaunin Newark:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka riga ni daɗewa a Amurka. A farkon watan Yulin bara na tashi daga unguwar Bronx ta birnin New York na koma Newark da ke jihar New Jersey, amma wurin aikina yana nan a Manhattan, cikin birnin New York. Da takardar W-2, wadda wurin aiki ke bayarwa mai nuna albashin shekara da harajin da aka yanka, ta iso ni a ƙarshen Janairu, sai na tarar a gurbi na 16 an rubuta albashina na shekara gaba ɗaya a layin New York, aka kuma rubuta wani adadin a layin New Jersey, wanda in aka haɗa su sun zarce abin da na karɓa. Gurbi na 19 kuma ya nuna an yi ta yankar mini harajin birnin New York kamar ban tashi ba. Shin haraji biyu zan biya a kan kuɗi ɗaya?

Mai lissafi daga Jersey City:
Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin waɗannan adadin biyu ba haɗa su ake yi ba. Jihar New York ce ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su rubuta cikakken albashin shekara a layinta, kuma tunda a Manhattan kake aiki, tana da hurumin karɓar haraji a kan dukkansa ko da a wata jihar kake kwana. Ita kuwa New Jersey, abin da ka samu tun daga ranar da ka zama mazauninta shi take dubawa, sannan ta yi maka rangwame saboda abin da ka riga ka biya wa New York, sai dai rangwamen ba ya wuce abin da ita kanta za ta karɓa a kan wannan kuɗin. Saboda haka ka fara cike fom ɗin haraji na IT-203 na jihar New York, daga baya ka cike NJ-1040 na New Jersey, kafin 15 ga Afrilu.

Dattijon Bronx:
Ƙanena, gurbi na 19 ne ya fi damuna a maganarka. Harajin birnin New York, wanda ya kama daga kashi 3.078 zuwa 3.876 cikin ɗari, mazauna birnin kaɗai ke biyansa, don haka duk abin da aka yanka maka bayan ka tashi haƙƙinka ne. Ka haɗa fom ɗin IT-360.1 da IT-203 domin a lissafa watannin da ka zauna a birnin, a mayar maka da sauran. Amma ka sanar da ofishin biyan albashi cewa ka sauya mazauni?

Mazaunin Newark:
Gaskiya, Baba, adireshi kawai na ba su, ban cike wata takarda ba. Allah Ya saka muku da alheri.

Dattijon Bronx:
Amin. To, gobe ka kai musu IT-2104.1, takardar shaidar cewa ba ka zaune a birnin, domin muddin ba ta shiga hannunsu ba, mai yiwuwa ne a ci gaba da yankar har a albashin wannan shekarar. Ka kuma adana yarjejeniyar hayar gidanka na Newark, domin ita ce za ta tabbatar da ranar da ka tashi idan aka nema.