An ce mu rufa asiri, amma yarinyar ba ta ci ba ta barci: ina mafita?

Goggon Marainiya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya ba ilimi ko gogewa a kan wani al'amari da ya hana gidanmu sukuni, kuma ina roƙon kada a tambaye ni suna ko unguwa. Abin da zan iya faɗa kawai shi ne muna ƙasar Zazzau. Wata huɗu ke nan da wani magidanci maƙwabcinmu ya yi wa 'yar ƙanena fyade, yarinya 'yar shekara 15 wadda take hannuna tun rasuwar mahaifiyarta. Kiran ta ya yi ta karɓi saƙon matarsa, alhali ya san matar ta yi tafiya. Ba ta faɗa mini ba sai bayan kwana tara, da na matsa mata da tambaya saboda na ga tana shiga wanka sau huɗu ko biyar a wuni, tana dirzar jikinta da soso har fatar ta saɓule.

Da maganar ta kai kunnen mazan gida, sai aka zauna da dattawan unguwa, aka yanke cewa a rufa asiri domin kada yarinya ta rasa mijin aure. Mutumin ya ba da kuɗi da sunan na magani, kuma ambulan ɗin yana nan a saman kwabata ban buɗe shi ba. Shi yana nan yana zaman majalisa kamar ba abin da ya faru, ita kuwa ta daina zuwa boko da islamiyya, ba ta barci sai da fitila a kunne, kuma da zarar ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta maƙale a bayan ƙofa. Asirin da aka ce an rufa ma bai rufu ba, domin a bakin famfo wata mata ta yi mini habaici cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mu bakwai ne 'yan adashe da muka san zancen, kuma duk muna son taimakonta, amma ba mu san ta inda za mu ɓullo ba. Shin lokacin zuwa asibiti ya wuce? Kuma idan muka kai maganar gaban hukuma, ba tona mata asiri muka yi ba?

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika gaskata ta. Lokacin asibiti bai wuce ba, sai dai wasu magunguna ne lokacinsu ya wuce, kuma zan faɗe su domin amfanin masu karantawa. Maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28, maganin hana shigar ciki na gaggawa kuma yana aiki ne cikin kwana 5. Shi ya sa muke roƙon iyaye su fara kai yarinya asibiti kafin zaman dattawa, kafin ma ta yi wanka idan da hali, a kuma naɗe tufafinta a takarda, domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaida.

Abin da ya rage muku yanzu ba kaɗan ba ne. Za a yi mata gwajin ciki, da na ƙanjamau, da na ciwon hanta, da na cututtukan sanyi, kuma da yake an haura wata uku, sakamakon zai kwantar muku da hankali ko ya nuna inda za a fara magani. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama da aka tanada domin irin wannan, a Kakuri da Tudun Wadar Kaduna da Kafanchan, taku ta Zariya kuma tana asibitin Hajiya Gambo Sawaba. Ba a biyan kuɗi, kuma akwai masu ba da shawara da aka horar. Mutanen Kano suna da cibiyar Waraka a asibitin Murtala, na Sakkwato suna da ta Nana Khadija.

Yawan wankan nan da firgita da rashin barci alamu ne da muka saba gani ga wanda ya sha mummunar razana. Ba hauka ba ne, ba kuma iska ba ce. Ku yi mata addu'a da tofi yadda kuka saba, amma kada a tara mutane a danne ta da sunan cire aljani, domin riƙe jikinta da ƙarfi zai mayar da ita ranar da abin ya faru.

Malamin Zaure ya amsa:

Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Abu na farko da ya kamata yarinyar nan ta ji daga bakin wanda take girmamawa shi ne ba ta da zunubi ko ƙwayar zarra. Hadisi ya zo cewa an ɗauke wa wannan al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai, kuma aya ta 33 ta Suratun Nur ta yi wa matan da aka tilasta alkawarin gafara da jinƙai. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya kawo a Muwaɗɗa cewa haddi da biyan sadaki suna kan wanda ya tilasta, ita kuwa babu wata uƙuba a kanta. Wankan da take maimaitawa yana nuna tana ganin kanta da najasa, don haka a samu malama mai hankali ta zaunar da ita ta gaya mata cewa tsarkinta yana nan, sallarta karɓaɓɓiya ce.

Game da rufin asiri kuwa, dattawan sun ɗauki kalma mai kyau sun ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Suturtawar da addini ya kwaɗaitar ta shafi wanda ya saɓa tsakaninsa da Ubangijinsa, ba wanda ya zalunci marainiya kuma yake zaune cikin wasu yaran ba. A ɓoye sunanta, wannan wajibi ne. Amma ɓoye aikinsa taimakon zalunci ne. Ina jin kunyar cewa mu malamai mun fi yawan huɗuba a kan shigar mata fiye da a kan wannan.

Baban Gida ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, amma na taɓa raka wani ɗan'uwana irin wannan shari'a, kuma na ga yadda take cin mutum. Mun yi fiye da shekara ana ɗage zama, an ba da belin mutumin ya dawo unguwa yana yi mana kallon banza, kuɗin mota kaɗai ya cinye jarin uwar yarinyar, a ƙarshe su ne suka tashi daga garin. Dattawan nan ba duka ne mugaye ba. Wasunsu irin wannan suka gani suka tsorata. Ni dai shawarata, Hajiya, ki auna ƙarfinku kafin ki shiga, kada a fara a tsaya a tsakiya.

Lauya Mace ta amsa:

Alhaji, abin da ka bayyana yana faruwa, kuma ba zan yi wa Hajiya alkawarin shari'a mai sauri ba. Sai dai iyalin da suka shiga su kaɗai ba daidai suke da waɗanda suka shiga da rakiya ba. Cibiyar Salama tana rubuta rahoton likita ta kuma haɗa mutum da 'yan sanda, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana tsaya wa marasa ƙarfi ba tare da kuɗi ba, kuma lauya yana iya roƙon kotu ta saurari yarinya ba a bainar jama'a ba.

Fyade laifi ne da hukuma take gurfanarwa, saboda haka sulhun zaure bai soke shi ba, wucewar wata huɗu ma ba ta rufe ƙofar kai ƙara ba. Tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2015, jihar Kaduna ta yi tata a 2018, sannan a watan Satumban 2020 aka gyara dokar hukunta laifuka ta jihar, aka sanya dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyade, da dandaƙa da ɗaurin rai da rai idan ta haura haka. A nawa ganin, tsananin hukuncin yana daga cikin abin da ke sa dangi su ja da baya idan mai laifin nasu ne, amma wannan muhawara ce ta wata rana.

Hajiya, kada ki kashe kuɗin nan, kada kuma ki mayar. Ki bar ambulan ɗin yadda yake, ki rubuta ranar da aka kawo shi da sunayen waɗanda suka halarci zaman, domin mutumin da bai yi komai ba ba ya biyan kuɗin magani. Kuma kafin ku ɗaga ƙafa, ku yi wa yarinyar bayanin abin da za a tambaye ta, ku ji ta bakinta.

Wadda Ta Ga Jiya ta amsa:

Mama, ni abin ya same ni ina 'yar shekara 16, yanzu ina da aure da 'ya'ya uku, kuma tun da na karanta saƙonki nake ta jinkirin rubutu. Ba zan yi magana a kan kotu ba, domin tawa ba ta je ba. Zan faɗa miki abin da ya cuce ni da abin da ya raya ni.

Abin da ya fi cutar da ni shi ne maimaita labari. Duk innar da ta zo jaje sai an kira ni na sake faɗa, kuma kowacce da tambayarta: me ya kai ki, me ya hana ki ihu. Ban yi ihu ba domin jikina ya sandare, muryata ta ɗauke, kuma sai bayan shekaru na ji daga wata mai ba da shawara cewa haka yake faruwa ga mutane da yawa. Ku bakwai ɗin nan, ku zaɓi mutum ɗaya da yarinyar ta fi sakin jiki da ita, sauran kada su taɓa ɗaga mata zancen, kada kuma su riƙa yi mata kallon tausayi suna girgiza kai.

Wadda ta raya ni wata maƙwabciyarmu ce mai kitso. Ba ta taɓa tambayata komai ba. Duk ranar Alhamis takan zo ta ce in kawo kaina, kuma kafin ta sa hannu sai ta ce, "In taɓa?" Wata biyu ina cewa a'a, ita kuma sai ta zauna tana tsefe wa ƙanwata tana ba mu labarin kasuwa. Ranar da na ce to, kalaba ta yi mini, na yi kuka har ta gama, ba ta ce in yi shiru ba. Ku riƙa tambayarta ko a ƙananan abubuwa, me za ta ci, wa zai raka ta, a rufe ƙofa ko a bari, domin abin da aka ƙwace mata shi ne ikon cewa a'a. Ɗaya ta ɗauki rakiyarta makaranta, ko da sauya makarantar za a yi, ɗaya ta tanadi kuɗin mota daga adashe, ɗaya ta tari matar bakin famfon nan ta ja mata kunne. Kada a yi gaggawar aurar da ita da sunan sutura. Idan kuma kika ji tana cewa gara ta mutu, kada ki ɗauka magana ce ta yara; kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta wurin likita a ranar.

Goggon Marainiya ta sake rubutawa:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya biya ku. Na karanta mata amsar Malam da ta 'yar'uwar da ta ba da labarin mai kitso, ta sa na maimaita mata wurin sandarewar jiki sau biyu. Ta yarda mu je asibiti ranar Litinin, da sharaɗin ni da Innarta za mu raka ta ba maza ba, maganar 'yan sanda kuma ta ce in bari sai ta yi tunani, na ce mata to. Mahaifinta bai san da maganar zuwa asibitin ba tukuna, kuma a daren yau nake son yi masa magana bayan isha'i. Lauya, idan ya ce sai an mayar da ambulan ɗin, me zan ce masa?