Neman shawara: ina son tambari na kaina a Ingila, yayana ya ce kada in kuskura

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 19 ke nan ina aikin likita a Ingila. Marigayi mahaifinmu hakimi ne, da ya rasu sarauta ta bar gidanmu, takobinsa da alkyabba suna wurin yayanmu, ni ko allura ban ɗauko ba. 'Ya'yana uku nan aka haife su, ba su san gida ba. Ina son in nemi tambari a College of Arms, ofishin da ke ba mutane tambari a Landan, a sa dagin Arewa da takobi a garkuwar tambarin. Yaya ya ce kada in kuskura. Na kasa barci. Ya zan yi?

Baban Khalifa: Likita, saurara. Wannan ofishi tun 1484 yake. Za ka rubuta takardar roƙo zuwa ga Earl Marshal, wato Duke na Norfolk, basaraken da ke sa ido kan ofishin, su duba digirinka da aikinka. In sun amince, jami'insu zai zauna da kai ku tsara zanen, su bincika kada ya yi daidai da na wani, sannan a zana da hannu a kan fata. Akwai ƙa'idar launi: ba a ɗora ja a kan kore, sai a kan fari ko ruwan zinariya. Kuɗin dubban fam ne.

Maman Ihsan: Ni dai na ƙone. Na biya wasu a intanet wai tambarin zuriya, suka turo mini allo da zaki, har yau ban san na waye ba. Ka yi rijiya a garinku da sunan Baba, ita ce za ta same shi a kabari.

Mai tambaya: Hajiya, rijiya biyu na haƙa. Wannan don yara ne.

Kawu Glasgow: Ka zo Edinburgh wurin Lord Lyon, mai ba da tambari a Scotland. A nan doka ce ke kare tambari, wanda ya yi amfani da naka kotu za a kai shi.

Baban Khalifa: Kawu, ba a Scotland yake zaune ba, ba huruminsu ba ne. Kuma likita ka gane, naka ne kai kaɗai da zuriyarka. Yayanka ba shi da rabo a ciki. Wataƙila abin da ke damunsa ke nan.

Mai tambaya: Ba ku san shi ba. Cewa ya yi takobin hakimi ba na ƙane ba ne. To zane ne fa, ba takobin zan ƙwace ba.

Maman Ihsan: Ka tambayi Inna kuwa?

Mai tambaya: Wannan wata magana ce daban. Baban Khalifa, ana iya rubuta taken tambarin da ajami?