Abin da aka faɗa kan giyar inabi, a taƙaice

Ɗan uwanmu da ya samu aiki a wani otel nan Yamai ya ce bai san komai ba kan giyar inabin da baƙi ke tambaya. Ga abin da na tattara daga amsoshin da mutane suka ba shi:

1. Kala uku ce: ja, fara da ruwan hoda. Ja tana tafiya da nama, fara kuma da kifi irin giwan ruwa.

2. Kwalaben Faransa sunan yanki suke ɗauka, kamar Bordo, ba sunan inabin ba. Shekarar da ke jiki ta girbi ce.

3. Nan aka fi daɗewa, zafi. Fara tana son digiri 8 zuwa 12, ja 16 zuwa 18, to mu da Afirilu ke wuce 40 ko jan ma sai ta ɗan shiga firigo, kuma a kwantar da kwalba kada murfinta na ɓawon itace ya bushe.

4. Mai koyo ya fara da sunsunawa, ƙanshi na gaya masa da yawa.

Inda aka rabu: da yawa sun ce ko ɗaukarta haramun ne, ya nemi canjin sashe. Wasu sun ce akwai marar barasa, ya koya da ita. Ba a daidaita ba wallahi.