Ruwan khal da tafarnuwa na warkar da ruɓaɓɓen farcen ƙafa, ko sai an sha ƙwaya?

Hajiya Rabi, Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Akwai saƙon murya da ke yawo a Zangon nan namu na Kumasi, wai duk wanda farcen ƙafarsa ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa yana marmashewa, ya jiƙa ƙafar a ruwan khal, ya daka tafarnuwa ya ɗaure a kai ya kwana da ita, cikin mako biyu zai warke ba sai ya je asibiti ba. Mata da yawa sun fara yi. Masana, ku yi mana bayani.

Yakubu mai kemis, Asawase: Wa alaikumus salam Hajiya. Batun mako biyu dai a ajiye shi gefe, ko maganin asibiti ba ya yin haka. Farcen ƙafa yakan girma kusan milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne kawai a wata. Wanda ya riga ya lalace kuma ba ya gyaruwa, sai dai sabo ya fito daga gindi ya tura shi gaba. Na babban yatsa yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya sabunta gaba ɗaya.

Baba Garba mai magani: Yakubu ɗana, a kan mako biyu na yarda da kai, wannan zancen 'yan talla ne. Amma kada a watsar da khal. Matsalar ita ce mutane ba sa yin sa yadda ya kamata. Kofi ɗaya na khal, kofi biyu na ruwan ɗumi, a jiƙa minti 15 zuwa 20 kullum da dare. Kafin a jiƙa, a yanke farcen ƙasa-ƙasa, a goge bayansa da magogi har ya yi siriri, domin ruwan ya samu hanyar shiga. Bayan an gama a tsane ƙafar sosai, har tsakanin yatsu. Ƙwayar fangas, wadda ke kawo wannan cutar, ba ta son tsami. Mai yin haka wata shida zuwa shekara ba fashi, in cutar a bakin farce take, yakan ga canji.

Nas Fati: Baba, ina kwana. Tsarin da ka faɗa ba shi da haɗari ga mai lafiyar fata, kuma yankewar da gogewar suna da amfani ƙwarai. Inda muka rabu shi ne wurin da ƙwayar take zaune. Yawanci tana shiga ne ta bakin farce, ta ƙarƙashi, ta yi gida a naman da farcen ke kwance a kai. Farce kuwa abu ne mai tauri, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Ka duba maganin shafawa na asibiti mai suna ciclopirox, wanda aka haɗa musamman don ya ratsa farce: ana shafa shi kullum har mako 48, duk da haka waɗanda farcensu ke warkewa sarai ba su kai goma cikin ɗari ba. In wannan ya sha wuya haka, ina ga khal da aka sirka da ruwa?

Baba Garba mai magani: To 'yata, me ya sa wasu ke rantsuwa khal ya yi musu aiki? Ba duka ne maƙaryata ba.

Nas Fati: Ba ƙarya suke ba Baba. Akwai dalilai. Kusan rabin faratan da suka lalace ba fangas ba ne tun farko. Wani takalmi ne ya matse shi, wani tuntuɓe ya yi ko ƙwallo ya buga, irin wannan da kansa yake gyaruwa in sabon farce ya fito, sai a ba khal lada. Sannan akwai farcen da ke yin kore-kore ko baƙi-baƙi saboda yawan jiƙa, wannan bakteriya ce mai suna Pseudomonas, kuma ita kam khal yana yi mata aiki da gaske, likitocin fata ma suna ba da shawararsa. Shi ya sa gwaji ke da muhimmanci. Ana yankar ɗan farcen a kankaro garin da ke ƙarƙashinsa a duba a ɗakin gwaji. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da likitocin fata.

Alhaji Issaka, Alabar: Ni ina bayan Baba Garba a abu ɗaya. Ƙwayar maganin da asibiti ke bayarwa a sha tana taɓa hanta, kuma a Zango masu ciwon hanta nau'in B ba kaɗan ba ne, wasu ma ba su san suna da shi ba. Farce ba ya kisa, hanta kuwa ɗaya ce. Ga kuma man mantileta irin Vicks: an yi ɗan gwaji a Amurka a 2011 da mutum 18, suna shafawa kullum har mako 48, biyar suka warke. Wannan ba komai ba ne?

Yakubu mai kemis, Asawase: Alhaji, wani abu ne, amma mutum 18 sun yi kaɗan, kuma ba a kwatanta su da waɗanda ba su shafa komai ba. Wanda cutarsa ba ta yi nisa ba in ya gwada, ba zan hana shi ba. Ga iyakar da ake bi: in abin bai kai rabin farcen ba, bai taɓa gindi ba (wurin ɗan farin nan mai kama da jinjirin wata), kuma farata biyu ko uku ne kawai, shafawa na iya isa. In ya kai gindi, daga nan farcen ke fitowa, duk sabon da zai fito da cutar zai fito. A nan sai ƙwayar magani ta sha. Terbinafine, miligiram 250, ɗaya kullum, mako 12 ga farcen ƙafa. Cikin mutum goma, wajen bakwai ƙwayar cutar ke mutuwa, ko da yake ba dukansu ne farcen ke komawa sumul ba.

Batun hanta gaskiya ne, shi ya sa likita ke sa a auna jini kafin a fara, kuma mai ciwon hanta ba a ba shi. In ana sha aka ga fitsari ya yi duhu, ido ya yi ɗorawa, ko tashin zuciya ya ƙi tsayawa, a daina nan take a koma asibiti. Wasu ɗanɗanon abinci kan ɗauke musu na ɗan lokaci. Mai ciki da mai shayarwa su jinkirta. Abin da nake roƙo kawai, kada a saya a kasuwar Kejetia a kama sha ba gwaji.

Hajiya Rabi, Aboabo: Tafarnuwar fa? Ba wanda ya taɓo ta.

Baba Garba mai magani: Wannan kam Hajiya ki hana su. Ɗanyar tafarnuwa in aka ɗaure ta a fata ta kwana, ƙuna take yi, ta tashi bororo. Farcen bai ji komai ba, naman gefe ne zai saluɓe. Haka masu zuba bilic ko kananzir, ɓarna ce zalla. Lalle kuma rufe launin kawai yake yi, sai a kasa gane ko ana samun sauƙi.

Nas Fati: Allah ya saka da alheri Baba. In ƙara da wannan, don shi ya fi damuna: mai ciwon suga kada ya jiƙa ƙafa a khal, kada ya kankare farce da reza. Ƙafarsa ba ta jin zafi yadda ya kamata, ƙaramin yanka kan zama gyambon da ke kai mutum ga rasa yatsa. Shi asibiti kai tsaye. Haka wanda ya ga baƙin layi ko tabo a farce ɗaya yana faɗaɗa har yana taɓa fata, kada ya ɗauka fangas ne. Sankarar da ta kashe Bob Marley a 1981 a farcen ƙafa ta fara.

Malama Zainabu, Sabon Zongo: Akwai abin da ba a faɗa ba, alhali shi ke dawo da cutar ko an warke. Muna alwala sau biyar, mu zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa ko takalmi sau-ciki, ga silifas ɗin masallaci da kowa ke sawa. Yawanci abin daga cin ruwan tsakanin yatsu yake farawa, musamman da damina, sannan ya haura farce. A tsane tsakanin yatsu bayan alwala, a riƙa sauya takalmi ana shanya shi a rana, a wanke safa da ruwan zafi. Cin ruwan a magance shi da man clotrimazole sau biyu a rana na mako huɗu. A guji mayukan nan masu haɗi uku, akwai sitiroyid a ciki, ƙaiƙayi zai lafa amma ƙwayar ta ƙara yaɗuwa. Masu kai farcensu wurin masu yawon yankan farce kuma, kowa ya riƙe nasa abin yankan.

Alhaji Issaka, Alabar: Duk na ji. Amma har yanzu ina ganin dattijon da farcensa ba ya masa ciwo, ba shi da suga, in ya zaɓi yankewa da gogewa da khal ya ƙyale ƙwaya, bai yi laifi ba.

Yakubu mai kemis, Asawase: Bai yi ba Alhaji, muddin ya san rage abin yake yi. Ga yadda kowa zai auna nasa: ya ɗauki hoton farcen yau da waya, ya sake ɗauka duk ƙarshen wata. Bayan wata uku ya kamata a ga lafiyayyen farce na milimita uku zuwa huɗu ya fito daga gindi. In ɗorawar ce ke matsowa baya, khal ɗin bai riƙe ta ba, a je a yi gwajin.