Ina son in raba faifai a bikin ƙanwata maimakon roba, ku ba ni shawara

'Yar Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mani a rai kwana biyu, na ce bari in kawo ta nan ko a samu wadda ta taɓa gwadawa.

An sa ranar auren autarmu, sati na biyu na Sha'aban, saura sati 9 ke nan daga yau. Mijin mutumin Daura ne, can za a kai ta. Tun rasuwar Innarmu shekara 4 da suka wuce, ni ce Yaya ni ce uwa a wurin yarinyar nan. Baba da yayyenmu maza sun ɗauki gado da katifa da kujeru. Gwaggonninmu sun ɗauki gara, su nakiya da alkaki da dubulan. Ni aka bar wa kayan rabo, wato abin da za a miƙa wa mata ranar yini da abin da za a ba dangin ango idan mun kai amarya.

Ranar Asabar na shiga babbar kasuwa na taya robobi. Wadda kuɗina za su iya saye da yawa irin marar kaurin nan ce, ki matsa ta da yatsa biyu ta lotsa. Da na dawo gida na ƙirga ƙananan robobin biki da ke ɗakin girkina, guda 11. Sitika duk ta ɓare, ko za a yanka ni ba zan iya cewa wannan ta bikin wance ce ba. Amma faifan da Inna ta ɗinka tun ina firamare suna nan guda 3, ɗaya ma da shi nake rufe ƙwaryar fura har yau. Ita ta koya mani ina 'yar shekara 10, a gindin bedin tsakar gidanmu bayan la'asar. Na daɗe ban riƙe basilla ba, amma hannuna bai manta ba.

Shi ne na yi niyyar in ɗinka ƙananan faifai 60, ruwan goro da kore kamar atamfar ankonmu, in raba su. Maigidana ya ce zan kashe idona a banza. Matar Yayana kuma ta ce dangin ango za su ɗauka rowa ce ko ƙauyanci, kuma ƙanwata ce za ta zauna da gorin, ba ni ba. Wannan maganar ta biyu ita ta fi damuna. Don Allah mutanen Daura ku gaya mani gaskiya, idan aka miƙa maku faifai a biki ya za ku ɗauke shi? Masu ɗinki kuma, 60 zai yiwu a sati 9 ga mai yara 4? Ya ake yi rini ya kama kaba kada ya zuba a fura? Sannan Ƙaramar Sallah za ta riske ta tana amarya a gidan mutane, ina son in haɗa mata wani abu na hannu da za ta kai wa surukanta barka da Sallah.

Gwaggon Daura:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Jikata ce ta karanta mani saƙonki, ita ce kuma take rubuta abin da nake faɗa. Allah ya jiƙan Innarki, ya sa wannan sana'a da ta bar maki ta zama hujja gare ta.

Ki fara da lissafi kafin ki sayi kaba. Faifai mai faɗin taƙi ɗaya, idan ɗinkin ya matsu yadda ya kamata, mace mai girki da wanki da yara ba ta gama shi ƙasa da kwana 2. Sittin sau biyu kwana 120, ke kuwa kwana 63 gare ki, kuma satin ƙarshe ba naki ba ne, na jere ne da baƙi. In kika nace sai 60, za ki riƙa buɗa ɗinki don ki yi sauri, ciyawar ciki ta riƙa leƙowa, kuma irin wannan shi ne faifan da ake rainawa. Ki yi 20. In Allah ya sa albarka a lokacin, 25.

Maganar Daurawa kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ni an kawo ni gidan nan a 1987, shekarar da aka cire mu daga Kaduna aka ba mu jihar Katsina. Jerena kwalla ce da fanteka da tasoshi, bango kuma faifai ne reras, kowane da wadda ta ɗinka shi. Lefen nan da yanzu ake kawowa a akwatuna saiti-saiti, sunan ma na kwandon kaba ne, a cikinsa ake zuba kayan a da. To wace dattijuwa ce za ta ga aikin kaba ta ce baƙon abu ne? Ki je gidajenmu lokacin Sallar Gani ki ga da me ake rufe abincin da ake aikawa maƙwabta. Sai dai ki san hannun da za ki sa shi. Uwar ango, gwaggonninsa, innoninsa, matan da za su karɓi amarya su yi mata buɗar kai. Su ne suka san kwana nawa ke cikin abin da kika miƙa masu.

Kaba ki zaɓi ɗanyar tsakiya wadda ba ta gama buɗewa ba, mai haske, kada ki karɓi mai ɗigon baƙi. Ki tsaga ta siri-siri daidai wa daida kafin rini, ba bayan rini ba, don launi ya shiga gefenta. Ki tafasa ruwa da galura da ɗan gishiri, ki zuba kabar ta dahu a ciki kina juyawa, ki sauke ki bar ta ta huce cikin ruwan. Daga nan ɗauraya, ki yi ta sauya ruwa har ya fito fari. Mafi yawan masu kukan rini yana zuba, a nan suke gajiya. Shanya a inuwa. Ta bushe, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga da ƙarfi, in ya ɗauki launi ki koma ɗauraya. Mu da can karan dafi muke dafawa da 'yar kanwa, ja ne mai duhu, ba ya ƙyalli kamar galura amma yana daɗewa. In kin samu, ki gwada shi a madadin ruwan goron.

Bikin naku a hunturu ya faɗo, iska za ta riƙa busar maki da kaba tana karyewa a hannu. Ki naɗe wadda za ki yi aiki da ita ranar cikin jiƙaƙƙen tsumma, saura ki bar ta a bushe kada ta yi fumfuna. Kuma kada ki ja ɗinki da ƙarfi fiye da kima, faifai zai tashi ya koma malafa.

Maman 'Yan Biyu, Ƙofar Ƙaura:

Yaya, Gwaggo ta gama magana kan ɗinki, ni ba ni da abin ƙarawa. Amma ranar yini kam kada ki kuskura ki fito da su. Ni na gwada. Bikin ɗiyar kawuna na yi wata 2 ina saƙa marufan jug da kwarashi, guda 40, har yatsana ya yi kanta. Da aka fara rabo sai wuri ya rikice ya koma wawaso, yara suka kwashi rabi. Bayan an watse muna tattara kujeru na tsinci 3 a ƙasa an tattake su da miya. Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Kuma matar Yayanki ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. Biki ramuwa ne. Matar da ta yi anko, ta biya kuɗin mota, ta kawo maki gudummawa, tana son ta koma gida da abin da za a gani a hannunta, ko da robar da za ta fashe jibi ce. Ba za ki gyara wannan a bikin ƙanwarki ba. Ki sayi robar daidai ƙarfinki ki ba taro, ko omo da sabulu a leda, an fi amfana da su ma. Faifan ki ɓoye su a ɗaki cikin buhu mai tsabta sai kun isa Daura.

Wani abu kuma, ke ce uwar amarya. Tela zai ɓata maku rai, mai lalle za ta makara, za a neme ki a wuri 5 lokaci guda. Ki sa wa kanki ranar ajiye basilla, kwana 10 kafin ɗaurin aure, ko nawa kika samu a lokacin shi ke nan.

Ɗan Mai'aduwa:

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ni namiji ne, ɗinkin faifai ba fannina ba ne, amma mahaifiyata da shi ta yi mana kuɗin makarantar allo da na sabulu. Kasuwarmu ranar Lahadi take ci. In kina da wanda zai shigo maki, ya zo da safe kafin rana ta take, lokacin matan ƙauyuka ke sauke kaba ɗauri-ɗauri da faifai da mafitai da tabarmi. Ya buɗe ɗaurin ya duba ciki, don wani lokaci mai kyau ce a waje.

In 20 ɗin ba su isa mutanen da kika lissafa ba, ki cika da na matan nan, ba abin kunya ba ne. Roƙona ɗaya, wanda kika aika kada ya matse su a ciniki. Gwaggo ta ce kwana 2 ake yi a kan ɗaya, to a tuna da haka in tsohuwa ta faɗi kuɗinta.

Ga uwar ango kuma, faifai shi kaɗai kamar murfi ne ba tukunya. Ki haɗa mata da ƙwarya mai zane da ludayi biyu. A ƙwanƙwasa ƙwaryar da yatsa kafin a biya, mai tsagewa muryarta ba ta fita tas. Sabuwar ƙwarya tana da ɗaci, sai an kankare cikinta an jiƙa ana sauya ruwa kwana biyu zuwa uku, ki yi wannan tun a gida don ta karɓa ta dama fura ranar.

'Yar Sabuwar Unguwa:

Anti, na Sallah nake son in amsa. Ki yi mata turaren wuta, kuma ki yi shi satin nan, ba bayan biki ba. Daga yau zuwa Ƙaramar Sallah ya haura wata 3, lokacin ya tsumu sosai. Turaren da aka haɗa jiya aka ƙona yau ƙaurin sukari kawai yake yi.

Ki sayi itacen sandal wanda aka faskara ƙanana, ki jiƙa shi da madarar turaren da kike so ya kwana 2 a rufe. Ki narka sukari da ruwa kaɗan a tukunyar da ba ta girki ba, wuta ƙasa-ƙasa, har ya fara danƙo. Ki juye itacen ki yi ta juyawa sukarin ya lulluɓe shi. Ki sauke daga wuta, ki nisanta da murhu, sannan ki ƙara sauran turaren. Don Allah ki kiyaye wannan, turaren fesawa da wasu na kwalba wuta suke kamawa nan take, na san wadda ta ƙone hannu a haka. Ya huce ki ɗura a kwalaben gilashi masu murfi, ki sa a ƙasan gado ko cikin sif inda rana ba ta kaiwa. Kwalaben mayonis da na zuma da aka wanke aka shanya sun isa, in dai babu sauran wari. Kowace kwalba ki haɗa ta da ɗan kaskon ƙasa daga wurin masu tukwane. Surukai mata 6 ko 7 kin gama da su.

'Yar Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya biya ku da gidan Aljanna. Gwaggo, na karanta wa ƙanwata saƙonki, da muka zo wurin kwalla da fanteka sai ta tashi ta jawo kwallar Inna daga ƙarƙashin gado. Basillarta tana ciki, naɗe a tsumma, har da ragowar kaba ja da ta tsaga ba ta ɗinka ba. Mun daɗe zaune ba wadda ta ce komai.

Na tsaya a 20. Na kira ƙanwar angon ta lissafa mani manyan matan gidansu, sun kama 14, sauran 6 na ɗakin amarya ne, ta jera 4 a bango ta yi amfani da 2. Ragowar kabar Inna zan sa ta a cibiyar waɗannan 6 ɗin. Taron yini kuma omo da sabulu, Maman 'Yan Biyu kin ci nasara a kaina, kuma na rubuta ranar ajiye basilla a jikin kalanda. Malam na Mai'aduwa, ɗan Yayana zai shigo ranar Lahadi da sassafe in sha Allah, na gaya mashi maganar ciniki. Itacen sandal gobe zan sayo.

Jiya na rina ɗan abin da na samu a nan gari don gwaji. Ruwan goron ya kama, ƙyalle ya fito fes. Koren ne har ɗauraya 5 yana zuba. Kuma na fara guda ɗaya, na kai zagaye na 8, sai na ga gefe ɗaya ya ɗan ɗaga. Gwaggo, in warware ne ko zai kwanta?

Gwaggon Daura:

Kada ki warware, ɗiyata. Ki yayyafa mashi ruwa, ki kife shi a daɓe, ki ɗora faranti da dutse a kai ya kwana. Daga zagaye na 9 ki sassauta hannu, ki riƙa ƙara ciyawar ciki kaɗan-kaɗan kafin ta sirance, ba sai ta ƙare ba. Koren kuma galurar ce ta yi yawa. Ki rage ta rabi ki sake dafa wata kabar. In ya ƙi, ki bar shi a zagaye biyu na bakin faifai kawai, tsakiya inda ke fuskantar fura ki bar ta fara. Ranar da kuka kawo amarya ki riƙo guda ɗaya a jakarki, jikata za ta aiko maki da kwatancen gidanmu ta saƙo, ba mu da nisa da rijiyar Kusugu, ina son in ga bakin da kika yi mashi.